Maigidana Yana da Tsiro a Gabansa, Ni Kuma Ina da Cikin Wata Biyar

Assalamu alaikum Hajiya, Allah ya ƙara basira. Ni matar aure ce a yankin Jega, shekarata 23, ni ce amarya a gidanmu, kuma ina ɗauke da cikin fari na wata biyar. Maigidana yana lodin albasa daga Aliero zuwa Kudu, yakan yi sati biyu ko uku bai kwana gida ba. Wata guda ke nan da na lura da wasu 'yan tsirarrakin nama a gabansa, ba sa yi masa ciwo. Ya ce sanyi ne, ya je kemis aka ba shi wata 'yar kwalba mai baƙin ruwa yana ɗigawa, ya ce ni ma in na ga wani abu in shafa. Makon jiya ina wanka na ji guda biyu a jikina. Gwaggona ta ce in riƙa zama cikin ruwan bagaruwa, in ba su faɗi ba a kira wanzami ya cire kafin in tafi goyon ciki. Hajiya, barci ya gagare ni. Abin zai taɓa ɗan da ke cikina? Dole sai an yi mini aiki? Wannan yana nufin yana neman mata a can? Kuma in gaya wa uwargidana ko in yi shiru?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya.

Kafin in taɓa ko ɗaya daga cikin tambayoyinki huɗu, zan fara da abin da ba ki tambaya ba, wato 'yar kwalbar nan, domin a duk abin da kika lissafa ita ce ta fi tayar mini da hankali. Baƙin ruwan da masu kemis suka saba bayarwa don tsiro irin wannan sunansa podofilin, ƙaron wani tsiro ne da aka narka, kuma aikinsa shi ne kashe ƙwayoyin halittar jiki da ke cikin girma. Fata tana tsotse shi ya shiga jini, musamman fata mai laushi da danshi irin ta gaban mace, ga shi kuwa babu abin da ke girma da sauri a jikinki yanzu kamar ɗan da kike ɗauke da shi. An samu matan da suka shafa shi da juna biyu ɗan ya mutu a ciki, shi ya sa likitoci suka hana mai ciki amfani da shi kwata-kwata, da shi da ɗan uwansa podofilotoksin, haka kuma man shafawar da ake kira imikwimod ana jingine shi sai bayan haihuwa. Kada ki shafa, kada ki ɗiga wa maigidanki da hannunki, kuma kada ku kusanci juna alhali maganin yana jikinsa. Ko da takardar da ke jikin kwalbar ta nuna wani suna dabam, hukuncin ɗaya ne har sai ma'aikaciyar lafiya ta gani. Ki saka kwalbar a leda ki tafi da ita ranar awo.

Shi kansa maigidan bai kamata ya riƙa ɗiga wa kansa wannan magani a ɗaki ba. A ƙa'ida ma'aikacin lafiya ne ke ɗiga shi daidai kan tsiron, sau ɗaya a mako, a kare lafiyayyar fatar da ke kewaye, sannan a wanke bayan 'yan awoyi. Na taɓa ganin wani magidanci da aka sayar wa kwalbar ba tare da wani bayani ba, ya riƙa shafawa safe da yamma kamar man zafi, kwana huɗu fatar ta saɓule, ya zo yana tafiya a tattale yana riƙe da bakin rigarsa nesa da jiki, tsiron kuwa yana nan inda yake.

Batun wanzami kuma, ki ba Gwaggo haƙuri cikin ladabi, don na san kishin lafiyarki ne ya sa ta faɗa. A lokacin goyon ciki jijiyoyin jinin gaban mace suna cika su kumbura, yankan da a da zai tsaya da ɗan auduga yanzu yana iya ɓallewa da zubar jinin da ba a tare shi a tsakar gida. Aska kuma tana kwasar ƙwayar cutar ta shuka ta a duk inda ta karta, ban da ciwon hanta da ƙanjamau da sandarewar jiki da ake iya ɗauka daga ƙarfen da ba a dafa ba. Ruwan bagaruwa ba ya kashe wannan cuta, abin da yake yi shi ne busar da fata har ta tsattsage. Haka nan duk wani matsi ko haɗin da za a ce ki cusa, ki ajiye shi. Ruwa mai tsabta ya ishe ki, ki tsane wurin a hankali, ki sa ɗan kamfai na auduga, kuma ki daina aske gashin da ke kusa da tsiron da reza.

Yanzu ga abin da nake kyautata zaton kuna fama da shi. Akwai ƙwayar cuta da ake kira HPV, dangi ne babba mai iri fiye da 200, wasunsu su ne ke kawo tusar jaki da yara ke yi a yatsu, wajen iri 40 kuma sun fi son fatar al'aura. Iri biyu daga cikinsu, mai lamba 6 da mai lamba 11, su ke haddasa kusan kashi 90 cikin ɗari na tsiron gaba. Yakan fara kamar ƙwayar gero, launin fata ko ɗan fari, ba zafi sai ɗan ƙaiƙayi wani lokaci, in ya taru wuri guda sai ya yi kama da zankon zakara. Gogayyar fata da fata lokacin saduwa ce ke yaɗa shi, ba masai ba, ba buta ba, ba cin abinci a kwano ɗaya ba. Mutanenmu sun saba jibga duk wata lalurar gaba a ƙarƙashin kalmar "sanyi", daga nan sai a bi da kafso da allurai, alhali magungunan ciwon sanyi ba su da wani tasiri a kan wannan ƙwaya ko da an sha kwali guda. Garkuwar jiki ce ke cin ƙarfinta, kuma a wajen mutum tara cikin goma takan yi hakan cikin shekara biyu.

Amma ba duk tsiro ne wannan ba, kuma a nan nake so ki tattara hankalinki. Tunjere, idan ya kai mataki na biyu, yana fitar da wasu tsirarraki a gaba da kewayen dubura waɗanda idon da bai saba ba zai rantse irin na HPV ne. Nasa sun fi faɗi, a shimfiɗe suke, da danshi a kansu, wani lokaci tare da ƙuraje a tafin hannu da tafin ƙafa waɗanda ba sa ƙaiƙayi. Bambancin da ke tsakanin cututtukan biyu ga mai ciki kamar na sama da ƙasa ne. Tunjere yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗa, kuma idan ba a yi magani ba fiye da rabin irin waɗannan cikunna suna ƙarewa da matsala, ko ɓari, ko haihuwar ɗa ba rai, ko bakwaini, ko jariri mai ɗauke da cutar. Ga shi kuwa gano shi ɗigon jini ne daga yatsa, maganinsa kuma allurar fenisilin ce mai daɗewa a jiki, wadda ba ta cutar da ciki, kuma an fi so a yi ta da sauran aƙalla wata guda kafin haihuwa. Ke da kike wata biyar kina da isasshen lokaci idan ba ki tsaya jan ƙafa ba. Saboda haka ku biyun ku yi gwajin tunjere, da na ƙanjamau, da na ciwon hanta nau'in B. Kada kalmar ƙanjamau ta firgita ki, gwaji ne da ake yi wa kowace mai awo, kuma dalilin nanata shi a nan shi ne tsiron yakan fi yawa da taurin kai a jikin wanda garkuwarsa ta yi rauni, kamar yadda yake yi ga mai ciwon suga. Ita kanta HPV babu gwajin jinin da ke nuna ta, ido ne ke gane tsiron, don haka kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan zai auna ta a jini.

To, a ce an duba an tabbatar tsiron HPV ne, sauran gwaje-gwajen kuma sun fito lafiya. Me zai sami ɗan? A mafi yawan lokuta, babu komai. Tsiron yana zaune ne a fatar waje, ba ya naƙasa halittar jariri, ba ya hana shi girma, kuma ba ya bin nono, kina iya shayar da abinki shekara biyu cur. Abin da ake tsoro guda ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye miki shi ba. Jefi-jefi jariri yakan haɗu da ƙwayar a wajen haihuwa, bayan shekaru, galibi tsakanin biyu zuwa biyar, sai irin wannan tsiro ya fito masa a maƙogwaro. Wani bincike da aka yi a ƙasar Denmak, aka wallafa a 2003, ya bi sawun 'ya'yan matan da suka yi tsiron gaba da juna biyu, ya samu kimanin bakwai cikin dubu ne abin ya shafa. Ki juya lissafin ki gani: yara 993 cikin dubu ba abin da ya same su. Amfanin sanin wannan shi ne, idan wata rana kika ji muryar yaronki ta dishe ta ƙi washewa makonni, ko kukansa ya zama siriri, ko numfashinsa yana ƙara ba tare da mura ba, ba za ki tsaya ana cewa haƙori ne ko a kai shi a cire beli ba, za ki kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ki kuma gaya masa tarihin cikin.

Game da aiki, tsiro kaɗai ba ya wajabta shi. Binciken da na ambata bai nuna cewa fiɗa tana kare yaro daga wancan tsiron maƙogwaro ba, don haka likitoci ba sa yanka mace saboda shi. Ana komawa ga aiki ne idan tsiron ya yi girman da ya tare hanyar fitowar ɗa, ko ana ganin zai yage ya jawo zubar jini mai yawa, kuma wannan ba kasafai ba ne. Wataƙila labarin da kika ji na wata cuta ce dabam mai fitar da ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi, wadda idan ta tashi daidai lokacin naƙuda akan zaɓi aiki, mutane suna yawan haɗa su.

Sai dai ki shirya wa abu guda: tsiron yana iya ƙaruwa kafin ki haihu. Ciki yana sassauta garkuwar jiki don kada ta yaƙi ɗan, ga ƙarin jini da danshi a wurin, sai biyun da kika ji su zama goma, su yi laushi, su riƙa ɗan fitar da jini idan zane ya goge su. Wannan ba alamar cewa cutar ta ci ƙarfinki ba ce, kuma sau da yawa bayan an sauka, kafin a gama wankan jego ko jim kaɗan bayansa, sukan motse da kansu. Shi ya sa idan 'yan kaɗan ne kuma ba sa damun ki, likita yana iya cewa a sa musu ido kawai. Idan suna girma ko suna jini, akwai hanyoyin da ba sa cutar da ciki: a ɗiga wani ruwan asid da ake kira TCA daidai kan tsiron, wanda ba ya shiga jini, za ki ji zafi na 'yan mintoci wurin ya yi fari fat, ko a daskarar da shi da iskar naitirojin mai tsananin sanyi, ko a kashe wurin da allura a cire shi da ƙarfe ko na'urar ƙonawa. Duk a asibiti ake yin su, kuma akan maimaita. Cire tsiro ba ya nufin an cire ƙwayar, don haka idan ya dawo cikin wata uku na farko ba a yi muku ha'inci ba, halinsa ke nan.

Wannan ya kawo ni ga goyon ciki. Ban ce kada ki je gida ba, cikin fari a gaban uwa akwai hikima a ciki. Abin da nake roƙo shi ne haihuwar ta kasance a asibiti, kuma a duba ki sosai a wata na takwas domin a san yadda hanya take kafin naƙuda ta zo da tsakar dare. Tsorona shi ne naƙuda ta yi tsawo a ɗaki, ungozoma ta leƙa ta ga nama, a ce gishiri ne ya tare, a ɗauko aska. Idan garinku ba shi da asibitin da ake karɓar haihuwa dare da rana, gara Inna ta zo ta zauna da ke a Jega. Ki fara da inda kike awo, idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki Birnin Kebbi, asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya, inda akwai likitocin mata.

Tambayarki ta uku ita ce na san ta fi hana ki barci, ko da yake kin sa ta kusa da ƙarshe. Ƙanwata, wannan tsiro ba ya iya zama shaida a kan kowa. Daga ranar da ƙwayar ta shiga jiki zuwa ranar da tsiro zai fito yana iya ɗaukar makonni, ko watanni, kuma tana iya kwanciya shiru shekaru ba tare da mai ita ya sani ba, sai ranar da gajiya ko rashin lafiya ko ciki ya raunana jiki ta ɗago kai. Galibin masu ɗauke da ita ba su taɓa ganin komai a jikinsu ba. A gidan da ake da mace fiye da ɗaya, ko inda wani ya taɓa aure a baya, ko matarsa ta taɓa aure, ƙwayar tana iya zagayawa ta hanyar halal tsantsa, kuma babu likitan da zai iya nuna wanda ya fara kawo ta. Ban ce miki na wanke maigidanki ba, ke kika san halinsa, idan kina da wasu dalilai na dabam wannan magana ce da ke da nata wurin da nata manyan. Amma kada ki ɗora tuhuma mai nauyi irin wannan a kan tsiro, domin ma'aunin da kika auna shi da shi, da shi za a iya auna ki gobe, tunda ke ma ya fito miki, kuma kin san yadda bakin mutane ya fi saurin kama mace. Abin da nake ganin laifinsa a fili shi ne wucewa kemis da miƙa miki kwalba, kuma wannan rashin sani ne, ana gyara shi.

Ki same shi a lokacin da ya huta, ba ranar da ya sauka daga mota ba. Kada ki fara da "ina ka samo", ki fara da ɗan: an ce maganin nan yana iya kashe ciki, kuma an ce sai an auna jininmu mu biyu saboda lafiyar abin da za a haifa. Namijin da zai yi gardama a kan kansa sau da yawa ba ya yi a kan ɗansa. Ku dakata da saduwa har a gama yi masa magani fatar ta warke, bayan nan kwaroron roba yana rage yaɗuwa, ko da yake ba ya rufe duk fatar da ƙwayar ke zama.

Uwargida tana da haƙƙin sani, domin jikinta ne, kuma idan gwajin tunjere ya nuna wani abu to dole ne a yi wa ku ukun magani lokaci guda, in ba haka ba ana maganin ƙaba kai yana kumbura. Amma ba daga bakinki ya kamata ta ji ba. Duk yadda kuke zaman lafiya, magana irin wannan daga amarya tana iya juyewa ta zama "ita ta kawo mana", ko a ɗauka gori ne. Nauyin maigida ne ya gaya mata ya kuma kai ta a duba ta. Idan ya yi nauyin baki, ki roƙi nas ɗin awo ta rubuto takardar gayyata zuwa gare shi da iyalinsa, sun saba yin haka.

Wata za ta ce miki HPV ce ke kawo sankarar bakin mahaifa, kuma gaskiya ne, amma ba irin da ke kawo tsiro ba. Masu lamba 16 da 18 ne ke da alhakin wajen kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara, wadda a 2020 ta kama mata kimanin 12,000 a Najeriya ta kashe wajen 8,000. Tunda mutum yana iya ɗaukar iri fiye da ɗaya, bayan kin haihu kin yi arba'in ki nemi a duba miki bakin mahaifa, ke da uwargida, gwajin 'yan mintoci ne. Allurar rigakafin HPV ba a yi wa mai ciki, kuma ba ta warkar da tsiron da ya riga ya fito. Amma tun watan Oktoba na 2023 gwamnati take yin ta kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak, kuma irin da ake yi a ƙasar nan tana karewa daga lambobin nan huɗu, 6 da 11 da 16 da 18. Idan akwai 'yan mata masu waɗannan shekaru a ɗakin uwargida ko cikin ƙannenki, a kai su.

Kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati, ki je cikin makon nan. Na san yadda layin awo yake, mata a jere a kan benci, kowa tana jin abin da ake tambayar ta gabanta, nas tana sauri, ke kuma kunya ta rufe ki sai ki ce lafiya lau. Idan an zo kanki, ki rage murya ki ce, "Sista, ina da magana ta sirri, ina so a duba ni a ciki." Da kun shiga ki ajiye mata kwalbar a kan tebur, ki ce maigida yana da tsiro, ke ma kin ji guda biyu, kuma kina so a yi miki gwajin tunjere. Idan kafin ranar kika ga jini yana zuba, ko fitsari ya ƙi fita, ko kin riga kin shafa maganin ba ki gaya mini ba, to ki tafi yau, ki faɗi sau nawa kika shafa da kuma ranar da kika fara.